Igiyar da ba ta iso Jajimaji ba

Ɗan yayana da ke aiki daga gida a Ingila ya ce yana rarraba ido tsakanin intanet ta igiyar tarho da ta iska. Mu a Jajimaji ba mu taɓa samun wannan zaɓin ba.

Jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, tangaraho na biye da dogo, amma wayar hukuma ce da 'yan kamfanin gyaɗa. Ko da aka kafa kamfanin tarho na NITEL a 1985, wayar girke ta tsaya a ofisoshi da gidajen manya. Mahaifina sai dai ya ba direban motar Gashuwa wasiƙa, ya jira amsa mako guda.

Salular GSM ta shigo Najeriya a 2001, ta tsallake igiya gaba ɗaya. Yau da ita nake tura lissafin cinikin riɗi zuwa Kano daga zaurena. Amma ban manta Mayun 2013 ba, lokacin da aka katse sabis a Yobe saboda dokar ta-ɓaci. Makonni muka yi shiru, mahaifiyata na jinya a Kano, ba igiyar da zan koma wa.