Yadda Sautin Ingilishi Ya Zama Fagen Bincike a Jami'a

Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu a kan tsarin sautin Ingilishi, gadon malaman aji yake ci. A shekarar 1886 wani malamin harsuna a Faris, Paul Passy, ya tara takwarorinsa suka kafa ƙungiya, domin sun gaji da ganin yara suna koyon Ingilishi daga rubutun da ya yi hannun riga da furucinsa. Bayan shekara biyu suka fito da haruffan furuci, kowane sauti da alamarsa, waɗanda har yau ake gani a ƙamus.

Daniel Jones ya yi karatu a gaban Passy, ya koma Landan ya fara koyarwa a 1907, a 1912 kuma ya zama shugaban sashen ilimin furuci na farko a wata jami'ar Birtaniya. Horonsa na kunne ne da baki. Malami zai furta kalmomin da ba su da ma'ana a kowane harshe, ɗalibi ya rubuta abin da ya ji, a maimaita har kunnensa ya daina yaudararsa. Horo ne mai wahala, kuma ina ganin har gobe babu abin da ya maye gurbinsa. Sai dai ƙamus ɗin furucin da Jones ya wallafa a 1917 ya ɗauki lafazin waɗanda suka fito daga makarantun kwana masu tsada na Ingila, kuma da wannan lafazi aka daɗe ana auna bakin kowa, daga Legas har Delhi.

Amurka ce ta juya akalar. A 1968 Noam Chomsky da Morris Halle suka fitar da The Sound Pattern of English, suna tambayar wace ƙa'ida ce a ƙwaƙwalwar mai magana take matsar da nauyin murya daga wannan gaɓa zuwa waccan idan aka yi wa kalma ɗafa-ƙeya, har wasali ya sauya. Ɗalibansu na cikin waɗanda suka gano gibin littafin, kuma karin sautin harsunan Afirka ya nuna musu shi: kundin William Leben, masanin Hausa, a 1973, da na John Goldsmith a 1976.

A 1982 John Wells ya wallafa juzu'i uku kan lafuzzan Ingilishi na duniya. A wannan shekarar ce Munzali Jibril ya kammala digiri na uku a Jami'ar Lancaster kan bambancin furuci a Ingilishin Nijeriya. Daga nan, musanyar p da f a bakin Bahaushe, wadda malamai suka daɗe suna ja wa jan biro, ta zama abin da mai bincike ke naɗa a faifai, ya ƙirga, ya nemo asalinta a tsarin baƙaƙen Hausa.