Shin ƙarfen da ba ya tsatsa yana cire warin abinci daga hannu?

Akwai masu goga hannu a jikin cokali ko kan famfo bayan sun yanka albasa ko tafarnuwa, har ma ana sayar da dunƙulen ƙarfe mai siffar sabulu don wannan aiki. A taƙaice dai, babu ƙwaƙƙwaran binciken kimiyya da ya tabbatar da cewa ƙarfen ne ke cire warin.

Idan aka daka tafarnuwa, tana samar da sinadarin alisin da wasu danginsa masu ɗauke da farar wuta. Su ne ke manne wa fata. Ƙarfen da ba ya tsatsa kuwa yana da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na kuromiyam, wanda ke yi masa wani siririn rufi a sama. Hasashen shi ne sinadaran warin suna barin fata su kama wannan rufin. Maganar ba ta saɓa wa hankali ba, amma hasashe ce. Kuma da yake ana gogar a ƙarƙashin ruwa mai gudu, ruwan da cuɗawar ma kaɗai suna rage wari.

Ƙarnin kifi daban ne. Sinadarin tiraimetilamin ke kawo shi, kuma tsami ne ke karya shi, shi ya sa lemun tsami ya fi cokali amfani a nan. A ɗauraye shi sosai, domin ruwan lemun tsami da ya zauna a fata na iya ƙona ta idan an shiga rana.

Abin da ya fi damun likita shi ne ƙwayoyin cuta. Gogar ƙarfe ba ta kashe su. Hannun da ya taɓa ɗanyen kaza ko kifi zai iya daina wari alhali yana ɗauke da ƙwayoyin da ke sa gudawa da amai, musamman ga yara, masu juna biyu da tsofaffi. A wanke da sabulu da ruwa na aƙalla daƙiƙa 20, har da ƙarƙashin farce, inda warin ma ya fi ɓoyewa.

Mai son gwadawa ya yi da cokali bayan ya wanke da sabulu, kada ya yi da wuƙa. Kada a sa bilic ko kananzir.

Wanda ya ci tafarnuwa da yawa zai ji warinta a numfashi da gumi, domin ta jini take bi, wanka ba ya cire shi sai ya fita da kansa. Amma ƙarnin kifi da ya daɗe a jiki ba tare da an taɓa kifi ba, wannan na bukatar ganin likita.