Cutar da kai

Cutar da kai ita ce mutum ya ji wa jikinsa rauni da gangan, galibi ba da nufin kashe kansa ba, sai don ya sami sauƙin wani ƙunci da ya fi ƙarfinsa. Ɗabi'ar ta fi farawa tsakanin shekara 12 zuwa 14, kuma ana samun ta ga maza da mata. A shekarar 2013, Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya ta a kundinta na DSM-5 cikin matsalolin da ke buƙatar ƙarin bincike.

Dalilai

Tana da alaƙa da ciwon damuwa, fargaba, cin zarafi, tsangwama da kaɗaici. Sauƙin da mai yin ta ke ji na ɗan lokaci ne, sai kunya da nadama su biyo baya, ƙuncin ya dawo, ya sake yi. Yawancin masu fama da ita ɓoyewa suke yi, don haka kuskure ne a ce neman a kula su suke yi. Duk da cewa ta bambanta da yunƙurin kisan kai, tana cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarinsa.

Jurewa

Sha'awar cutar da kai takan taso ta kuma lafa. Masana na ba mai fama shawarar ya gane abin da ke tayar masa da ita, ya jinkirta na wasu mintoci, ya fita tattaki, ya rubuta damuwarsa ko ya kira wanda ya yarda da shi.

Tallafi

Wanda aka buɗe wa ciki ya saurara cikin natsuwa. Faɗa, gori, duka ko tilasta masa alƙawarin dainawa sukan sa ya ƙara ɓoyewa. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin. Idan raunin ya yi tsanani ko akwai barazana ga rai, a garzaya da shi asibiti, kada a riƙe sirrin.

Magani

Ana yin magani ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, musamman tsarin DBT da Marsha Linehan ta ƙirƙiro, wanda ke koyar da jure ƙunci da sarrafa motsin rai. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware. Ana tunawa da ranar wayar da kai kan matsalar duk 1 ga Maris.