Yadda Yini Yake a Siniya Firamare Kafin 1976

Kafin 1976, karatun firamare a Arewacin Nijeriya shekara bakwai ne, kuma hawa biyu: shekara huɗu a elimantare, uku a siniya firamare. Tsakanin hawan biyu akwai jarrabawa, kuma a nan akasarin yara suke tsayawa, domin siniyar ba ta da yawa. Takan kasance a babban gari ƙarƙashin En'e, sau da yawa ta kwana ce, ana tattaro mata yara daga gundumomi. Ita ta gaji ƙananan azuzuwan makarantar midil, wadda aka fara wajen 1930, aka kuma mayar da ita sakandare a shekarun 1950.

Bayan sallar asuba sai tsintsiya. Kowane aji da yankinsa na shara, monita na tsaye a kai. Ana gamawa a buga ƙararrawa, wadda a wasu wuraren tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a bishiya. A yi layi, malami ya bi yana duba farce, haƙora, aski da wuyan riga. Mai latti ya san abin da ke jiransa wajen hedimasta.

Lissafi ake fara yi, tun kai bai ɗau zafi ba. Lissafin kuwa ba na wasa ba ne, don kafin zuwan naira da kwabo a 1973, kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya. Ga sisi, ga taro. Yaron aji biyar sai ya iya tara waɗannan, ya raba su, ya koma kan inci da ƙafa da yadi, wani lokaci da ka, malam na jefo tambaya yana nuna mutum da alli. Wanda ya ƙware a nan, shi ne gobe malamin haraji ko akawun kanti.

Babban tsallen dai shi ne na harshe. A elimantare da Hausa ake koyarwa, yaro ya saba da littattafan da ake bugawa a Zariya, irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Yana shiga aji biyar sai darussa su juye zuwa Turanci: labarin ƙasa, tarihi, kiwon lafiya, duka. A makarantu da dama har hukunci ake yi wa wanda aka kama yana Hausa. A ganina wannan tsanani ya wuce gona da iri, don ya rufe bakin yara masu basira waɗanda kunya ce kawai ta hana su magana. Amma dole a yaba wa malaman nan masu takardar Giredi II: sukan karɓi littafin kowane yaro, su bi rubutunsa layi-layi da jan biro, su sa shi ya sake har ya gyaru.

Da hantsi a tashi tara, a ci ƙosai ko a sha kunu. Daga nan sai darasin addini da Larabci, sai aikin hannu ko lambun makaranta, inda kowa ke da kunyarsa. Da la'asar ƙwallo da guje-guje. 'Yan aji bakwai kuwa hankalinsu na kan jarrabawar shiga sakandare ko kwalejin horon malamai.

'Yan mata ƙalilan ne suka taɓa zama a waɗannan bencina, haka ma 'ya'yan ƙauyukan da ke nesa da garin hakimi. A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta ga kowa, karatun ya koma shekara shida, aji bakwai ya shuɗe. Yara suka yi ta kwararowa fiye da yadda aka yi tanadi, har aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa, ana karatu a ƙarƙashin bishiyoyi kafin a gina azuzuwa.