Sunayen Haruffa da Jinsinsu a Harsunan Turai: Waiwaye a Kan Tarihi

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa horar da ɗalibai a kan dabarun koyar da karatu ya san wahalar rarrabe musu abubuwa uku: siffar harafi, da sautin da yake wakilta, da kuma sunan da ake kiran sa da shi. Galibi akan mai da hankali ga biyun farko, a yi watsi da na uku. Alhali kuwa sunan harafi suna ne kamar sauran sunaye a nahawu, yana da jinsi, wani lokaci har da jam'i. Manufar wannan takarda ita ce bin tarihin waɗannan sunaye a wasu harsunan Turai, domin mu nuna cewa jinsinsu ba daga harafin kansa ya fito ba. Abubuwa uku ne suke yanke hukunci: kalmar "harafi" da ke ɓoye a bayan sunan, da ƙirar sunan, da kuma jinsin da harshe ya saba bai wa baƙuwar kalma.

2.0 Daga Finiƙiyawa zuwa Girkawa

Wajejen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) Girkawa suka ari rubutu daga Finiƙiyawa, mazauna gaɓar tekun da ke ƙasar Labanan a yau. A wurin Finiƙiyawa sunayen haruffa kalmomi ne masu ma'ana, kowanne yana farawa da sautin harafinsa: alf sa ne, bet gida, kaf tafin hannu, mem ruwa. Mai sanin Larabci zai ji kusancinsu da baitu, da kaffu, da ma'u.

Girkawa sun karɓi sunayen ba tare da ma'anarsu ba. Tun da yake kalmar Girkanci ba ta ƙarewa da baƙi sai n ko r ko s, sai suka liƙa wa da yawa daga cikinsu wasalin a, aka sami alfa, beta, delta, kappa. Girkanci yana da jinsi uku: namiji, da tamace, da na tsakatsaki wanda ba namiji ba, ba kuma tamace ba. A wannan na uku aka zuba sunayen haruffa, daidai da jinsin kalmar gramma, watau harafi. Haka nan ba su sauya ƙirarsu bisa ga matsayinsu a jimla, saɓanin sunayen asali na harshen. Daga alfa da beta aka ƙera kalmar alfabetos, uwar sunan abacada a yawancin harsunan Turai.

Daga baya, sa'ad da furucin wasu wasula ya haɗe, sai aka daɗa wa wasu sunaye siffa don rarrabewa. O mikron na nufin ƙaramin o, o mega kuwa babban o.

3.0 Sauyin da Rumawa suka kawo

Rubutu ya iso wa Rumawa daga Girkawa ta hannun Itruskawa, amma tsofaffin sunayen ba su biyo shi ba. A Latinanci wasali shi ne sunan kansa. Baƙaƙen da iska ke tsayawa cik wajen furta su akan sa musu wasali a baya: be, de, pe, te. Waɗanda ake iya jan sautinsu kuwa akan sa musu wasali a gaba: ef, el, em, en, er, es. A ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa aka ƙara Y da Z a ƙarshen jeri don rubuta kalmomin aro na Girkanci. Shi ya sa Z ta riƙe sunanta zeta, wanda ya zama zed a Ingila, ko da yake a Amurka zee ne ya kafu, kuma shi ne Noah Webster ya sa a ƙamusunsa na 1828. Ita kuwa Y, har yau Faransawa na ce mata i grec, watau i ta Girkawa.

Ta fuskar jinsi Latinanci ya bar ƙofa biyu a buɗe: ana ɗaukar sunan harafi a jinsin tsakatsaki, ana kuma ɗaukar sa tamace idan mai magana yana nufin littera, kalmar harafi, wadda take tamace. Da jinsin tsakatsaki ya ɓace a harsunan da Latinanci ya haifa, sai kowanne ya zaɓi hanyarsa.

4.0 Hanyoyi uku

A Sifaniyanci ɓoyayyiyar kalmar letra ce ta yi rinjaye, duk haruffa suka zama mata: la be, la eme, jam'i kuma las bes, las aes. Ƙarfin wannan ya kai har ya karya wata ƙa'ida. Sunan tamace da ya fara da a mai nauyi yakan ɗauki el, kamar el agua, ruwa, amma la a da la hache ake cewa. Italiyanci ma galibi tamace yake bi. Harshen Fotugal kuwa, duk da cewa letra tamace ce a cikinsa, namiji ya zaɓa, jinsin da yake bai wa duk kalmar da aka mayar suna. Jamusanci ya bi irin wannan hanya ta uku, sai dai jinsinsa na irin wannan aiki tsakatsaki ne: das A, das B.

Faransanci shi ne misalin rinjayen ƙira. A da, baƙaƙen da sunansu ya fara da wasali, watau f, h, l, m, n, r, s, mata ne, sauran kuwa maza. A 1660 Antoine Arnauld da Claude Lancelot, a littafin nahawunsu na Port-Royal, suka ba da shawarar a riƙa kiran baƙaƙe fe, le, me, domin yaro ya ji sautin tun daga farkon sunan. Ƙamusun Hukumar Harshen Faransanci na 1835 ya rubuta duka biyun: effe tamace, fe namiji. A yau tsofaffin sunayen ne ake amfani da su, amma jinsin namiji ya mamaye su duka.

Rashanci ya maimaita tarihin Rumawa. Tsofaffin sunayensa kalmomi ne: az na nufin ni, dobro alheri, kuma daga az da buki aka sami azbuka, abacada. Suna da jinsi dabam-dabam gwargwadon ƙirarsu. Hanyar koyarwa ta sauti ta fara ture su a ƙarni na 19, kuma bayan gyaran rubutu na 1918 sai gajerun sunaye a, be, ve suka gaje wurin, ba su sauya ƙira.

Wannan sha'ani bai mutu ba. A 2010 Hukumar Harshen Sifaniyanci ta ba da shawarar a kira Y da ye maimakon i griega, jama'a da yawa suka ƙi sakin tsohon sunan, kuma har yanzu ana karɓar duka biyun.

5.0 Kammalawa

Abin da muka gani a Turai yana da takwara a makarantunmu na allo, domin alif da ba da jim da dal jikokin sunayen Finiƙiyawa ne ta hanyar Larabci. Kamar yadda Girkawa suka ce ƙaramin o da babban o, haka almajiri yake cewa ha ƙarami da ha babba, da ɗa mai hannu. Abin lura shi ne ha ya ƙare da a, ƙarshen da galibi na tamace ne a Hausa, amma ƙarami ake cewa, ba ƙarama ba. A ganinmu kalmar harafi ko baƙi ce ke aiki a ɓoye, kamar letra a Sifaniyanci.

Darasin da ke nan ga masu horar da malamai shi ne, sunan harafi gado ne na tarihi, ba kullum yake bayyana sauti ba. Ɗalibin da ya koyi a, ba, ca, da a darasin Hausa, sannan ya tarar da wasu sunaye a darasin Turanci, yana bukatar a faɗa masa sarai cewa harafin ɗaya ne, sunan ne ya bambanta. Muna fata mahalarta wannan taro za su dubi yiwuwar tattara sunayen haruffan allo daga garuruwa dabam-dabam, tare da jinsin da ake ba su, tun masananmu na gargajiya suna raye.