Jirgin Gobe da Ya Tsufa: Tarihin Monorel na Disney da Wahalar Kula da Shi

A ranar 14 ga Yunin 1959, Mataimakin Shugaban Amurka na lokacin, Richard Nixon, ya je wurin shaƙatawa na Disneyland a Kalifoniya tare da iyalinsa domin buɗe wani jirgin ƙasa da mutanen ƙasar ba su saba gani ba. Wannan jirgi ba ya bin ƙarafa biyu irin na layin dogon da muka sani. Yana hawa ne kan azarar kankare guda ɗaya da aka ɗora bisa ginshiƙai, ya rungume ta da tayoyin roba, waɗansu a sama suna ɗauke da nauyi, waɗansu a gefe suna hana shi kaucewa. Shi ake kira monorel, kuma Walt Disney ya gabatar da shi a matsayin abin hawan biranen gobe.

Fasahar daga Jamus ta fito. Wani attajiri ɗan Suwidin mai suna Axel Lennart Wenner-Gren ne ya zuba kuɗi a kamfanin Alweg, wanda aka harhaɗa sunansa daga haruffan sunan attajirin, aka kafa filin gwaji kusa da birnin Kolon. Disney ya ga jirgin a can, injiniyoyinsa suka ɗauki tsarin, Bob Gurr ya zana masa siffa mai kama da roka. Biranen Amurka ba su karɓi monorel yadda aka yi fata ba, kamfanin Alweg kuwa ya shuɗe tun a shekarun 1960. Japan ce ta riƙe fasahar ta hannun Hitachi, ta buɗe layin Tokiyo a 1964.

A Fulorida ne monorel na Disney ya tashi daga abin nishaɗi ya zama abin sufuri. An buɗe Walt Disney World ranar 1 ga Oktoban 1971, aka ƙara layin Epcot a 1982, tsawon hanyar ya kai kusan kilomita 24. Jiragen da ke aiki a yau, samfurin Mark VI, kamfanin Bombardier na Kanada ne ya ƙera su, suka shiga aiki tsakanin 1989 da 1991. Su goma sha biyu ne, kowanne da tarago shida, suna jigilar dubban mutane kullum. Ke nan sun haura shekara talatin suna wannan zirga-zirga cikin zafi da laimar Fulorida.

Abin da ya sa monorel ya burge mutane shi ne kuma tushen hatsarinsa. Idan jirgin ƙasa ya lalace, fasinja na iya sauka ya taka da ƙafa. Wanda monorel ya tsaya da shi yana sama ne, kan azarar da faɗinta bai wuce santimita 66 ba, ga kuma sandunan lantarki masu ƙarfin volt 600 a gefenta. An ga haka ranar 26 ga Yunin 1985, lokacin da taya ta sace a taragon baya na wani jirgi da ya taso daga Epcot, ta riƙa gogar kankare har wuta ta tashi. Fasinjoji suka ɓalle tagogi suka hau rufin jirgin, suna can har 'yan kwana-kwana suka sauko da su. Ba a rasa rai ba, amma an kai mutum bakwai asibiti. Samfurin da ya biyo baya ya zo da ƙofofin tsira a rufinsa.

Hatsarin da ya fi muni ya auku ne da misalin ƙarfe biyu na daren 5 ga Yulin 2009. Ana son a mayar da wani jirgi, wanda ake ganewa da launin hoda, daga layin Epcot zuwa wani layin domin ya tafi ma'ajiya. Don yin haka sai an karkatar da wani yanki na azarar, sannan jirgin ya ja da baya ta kansa. Akwai na'urar da ke taka wa jirgi birki da kanta idan ya matso kusa da ɗan'uwansa, amma irin wannan sauyin layi yana buƙatar a dakatar da ita. Ma'aikacin da ke kula da makarkatar ya sanar cewa ya juya ta, alhali ba ta juyu ba. Manajan da ke ba da umarni ta rediyo ba ya cikin ɗakin lura, saboda haka bai ga allon da zai nuna masa gaskiya ba. Direban kuwa yana zaune a kan jirgin na gaba, yana ja da baya ba ya ganin inda ya nufa. Jirgin ya koma kan layin da ya baro, ya daki wani da ke bayansa, direban wancan jirgi, saurayi ɗan shekara 21, ya rasu.

Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahotonta a 2011. Ba ta ɗora laifi a kan tsufan ƙarfe ba. Ta ɗora shi a kan ma'aikacin makarkata da manajan da bai tabbatar ba, ta kuma ce rashin tsayayyun ƙa'idojin aiki daga kamfanin ya taimaka. Wannan ɓangare na tsufa shi ne mai wuyar gani: idan aiki ya daɗe yana tafiya lafiya, ma'aikata kan saba da gajerun hanyoyi har su ɗauke su ƙa'ida. Bayan hatsarin an hana fasinjoji zama a ɗakin direba, an sauya dokokin ja da baya, daga bisani kuma aka miƙa yawancin tuƙin ga kwamfuta, direba ya koma mai sa ido.

Tsufan kayan ma bai ɓuya ba. A 2017 wani yanki ya faɗo daga jikin jirgi a filin ajiye motoci na Epcot, a Janairun 2018 kuma bidiyon wani jirgi da ke tafiya ƙofarsa a buɗe ya bazu a intanet. Gyaran irin waɗannan jirage yana da tsada domin ba a ƙera su da yawa ba, kayan gyaransu ba na kasuwa ba ne, sashen jiragen Bombardier ɗin ma Alstom na Faransa ya saye shi a 2021. Lokacin gyara kuma 'yan sa'o'in dare ne tsakanin rufe wurin da buɗe shi. Waɗansu wuraren sun haƙura: gidan namun daji na Chester a Ingila ya rufe nasa a 2019 bayan shekara 28. Disney ya zaɓi sabunta tsofaffin, amma da ya tashi ƙara hanyar sufuri a 2019, kekunan igiya na Skyliner ya gina.

Saura tambayar wanda ke duba mai dubawa. Shekaru da dama dokar Fulorida ta bar manyan wuraren shaƙatawa su binciki na'urorinsu da kansu, Disney kuma a wancan lokacin yana da gundumar Reedy Creek da aka kafa masa tun 1967. Sai a 2023, ana tsakiyar rikicin siyasa tsakanin Gwamna Ron DeSantis da kamfanin, aka yi dokar da ta sa monorel ɗin ƙarƙashin binciken ma'aikatar sufuri ta jihar. Masu suka sun kira ta ramuwar gayya, kuma yanayin da aka yi ta ya ba su hujja. Duk da haka, sakamakonta shi ne layin da ya ɗauki jama'a fiye da shekara hamsin ya samu mai duba shi daga waje, wanda ba kamfanin ke biyansa albashi ba.