Lasha Talakhadze: Ɗan Jojiya da ya ɗaga nauyi mafi girma a tarihin gasar duniya

Lasha Talakhadze tsohon ɗan wasan ɗaga nauyi ne daga ƙasar Jojiya, wadda ke yankin tsaunukan Kaukasus, a gabar Baƙin Teku. An haife shi a garin Sachkhere ranar 2 ga Oktoban 1993. Ya fafata a rukunin mafi girman jiki, inda ya lashe lambar zinare sau uku a jere a gasar Olamfik, ya kuma zama zakaran duniya sau bakwai da zakaran nahiyar Turai sau bakwai. Wanda ya horar da shi, Giorgi Asanidze, shi ma ya ci wa Jojiya zinare a Olamfik ta Atan a 2004.

Yadda ake wasan

Ɗagawa iri biyu ake yi a gasa. A ta farko, ɗan wasa yana fizgo ƙarfen daga ƙasa zuwa saman kansa a motsi guda. A ta biyu, wato mai hawa biyu, yana fara ɗora shi a kafaɗa kafin ya tura shi sama. Kowa yana da damar gwadawa sau uku a kowane ɓangare, sannan a haɗa mafi nauyin da ya ɗaga a ɓangarorin biyu. Wannan jimillar ce ke fitar da zakara.

Dakatarwa da dawowa

A 2013 hukumar ɗaga nauyi ta duniya, IWF, ta dakatar da Talakhadze na tsawon shekaru biyu bayan gwaji ya nuna haramtaccen sinadarin ƙara kuzari mai suna stanozolol a jikinsa. Da wa'adin ya ƙare, ya halarci gasar duniya ta 2015 a birnin Houston na Amurka, inda ya zo na biyu da jimillar kilogiram 454. Daga bisani aka soke nasarar Aleksey Lovchev na Rasha saboda irin wannan laifi, kambin ya koma hannun Talakhadze.

Daga Riyo zuwa Tashkent

A Olamfik ta Riyo a 2016, ya fizgi kilogiram 215, amma nan take Behdad Salimi na Iran ya zarce shi da 216. A ɓangare na biyu Salimi bai samu ko ɗagawa ɗaya da aka amince da ita ba, shi kuwa Talakhadze ya ɗaga 258. Jimillarsa ta 473 ta shafe tarihin 472 da Hossein Rezazadeh na Iran ya kafa tun shekarar 2000.

Daga nan adadin ya riƙa hauhawa. Ya kai 477 a gasar duniya ta Anaheim a 2017, ya sake lashe kambin a Ashgabat a 2018, sannan ya ɗaga 484 a Pattaya ta ƙasar Tailan a 2019. A Olamfik ta Tokiyo, wadda annobar korona ta sa aka ɗage zuwa 2021, ya haɗa 223 da 265, jimilla 488. Ali Davoudi na Iran, wanda ya zo na biyu, ya tsaya a 441, tazarar kilogiram 47 ke nan.

Ya kai ƙololuwa a Disamban 2021 a gasar duniya ta Tashkent, babban birnin Uzbekistan: kilogiram 225 a fizga, 267 a ɗagawa mai hawa biyu, jimilla 492, wato kwatankwacin buhun siminti goma saura kilogiram takwas. Ɗagawar 267 ta wuce 266 da Leonid Taranenko na tsohuwar Tarayyar Sobiyet ya ɗaga a 1988, adadin da ya shafe shekaru 33 babu wanda ya taka shi a gasa.

Zinare na uku

Bayan Tashkent, raunuka sun rage masa ƙarfi, abokan hamayya kuma suka matso kusa. Duk da haka ya riƙe kambin duniya a Bogota a 2022 da kuma Riyad a 2023. A Olamfik ta Faris a 2024 ya sha gumurzu da Varazdat Lalayan na Armeniya, ya yi nasara da 470, Lalayan yana biye da 467, Gor Minasyan na Bahrain kuma ya zo na uku da 461.

Da wannan nasara ya zama na farko a rukunin mafi girman jiki da ya ci zinaren Olamfik uku. Manyan da suka gabace shi a rukunin, irin su Vasily Alekseyev da Rezazadeh, biyu-biyu suka samu. A sauran rukunoni, ya shiga sahun Naim Suleymanoglu da Halil Mutlu na Turkiyya da Pyrros Dimas na Girka.

A zaɓen Oktoban 2024 ya samu kujera a majalisar dokokin Jojiya a ƙarƙashin jam'iyya mai mulki.

Matsayinsa a tarihi

Dakatarwar 2013 tana nan cikin tarihinsa, a wasan da batun ƙwayoyin ƙara kuzari ya daɗe yana zubar wa da mutunci. Haka nan alkaluman da ya kafa bayan dawowarsa sun shiga kundin hukumar. Masu bibiyar wasan sun daɗe suna sa ran shi ne zai fara kai jimillar kilogiram 500 a gasa. Mafi girman abin da ya ɗaga ya gaza hakan da kilogiram takwas.